Daminar da Surukina Ya Ƙi Shan Ruwa

Bana marka ta zo da ƙarfinta. Yau kwana huɗu rabonmu da ganin rana, shanyar da na yi tun ranar Litinin har ta fara warin danshi, kaji duk sun takure a gindin rumbu. Shekaranjiya kuma sai ga 'yan mata biyu daga asibiti, da riguna iri ɗaya, suna bi gida-gida suna zuba magani a rijiya, suna cewa a riƙa tafasa ruwan sha domin an ji ɓullar amai da gudawa ta wajen Getso. Suna buɗe robar maganin warin ya daki hancina, sai kawai na tuntsire da dariya ni kaɗai.

Matar ɗana, Bilki, tana zaune a gabana ƙafa ɗaya kan ɗaya, tana gaguyar dafaffiyar masara. Ta ce, "Inna, lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau, ci masararki."

Ban ga laifinta ba, yarinyar kirki ce, kuma ni na ce ta saki jiki da ni. Amma warin nan da cin masarar nan a gaban suruka sun haɗu sun mayar da ni wata damina, shekara ashirin da 'yan kai baya, daminar da kunya ta kusa kashe mini suruki a hannuna.

Mu asalinmu Fulani ne. Kakanninmu suka gaji da yawo suka zauna a wani ɗan ƙauye kusa da Garo, suka haɗa kiwo da noma. Fillancin ya gudu daga bakinmu sai 'yan kalmomi, amma kunyar ba ta je ko'ina ba. Mahaifin mijina, wanda har yau da ya daɗe a ƙasa bakina bai iya furta sunansa ba, Baba kawai nake cewa. In na hango shi a hanya sai in ratse cikin gona. Abincinsa ta bakin ƙofar zaure nake turawa in juya da sauri. Shi kuma bai taɓa kai ko ruwa bakinsa ina kallo ba, domin a wajenmu mutum ya ci ko ya sha a gaban suruka abin fallasa ne. Shekara bakwai ina gidan ban san yadda yake tauna ba.

Da uwar mijina tana raye, ita ce mai kai saƙo tsakaninmu. Da ta rasu sai muka koma yi wa bango magana. Ya tsaya a zaure ya ce, "A gaya wa mutanen gida gishiri ya ƙare ne?" Ni kuma daga bayan danga in ce, "A gaya wa mutanen zaure an ji." Ba kowa a tsakani, sai dai in akuya ce ta gitta.

Shekarar nan bazara ta gasa mu. Ruwa ya yi jinkiri, shukar farko ta ƙone a ƙasa, sai da aka sake. Kafin gero ya kai gwiwa rumbunmu ya koma ɗakin ɓeraye. Mijina ya kora shanu can daji wajen kudu, inda ba gonakin da za su yi wa ɓarna, ya bar mana saniya ɗaya da ɗan maraƙinta. Lokacin ba waya a hannun kowa. In kana son aika saƙo sai ka jira ranar kasuwa ka nemi mai zuwa wajen. Gida ya rage daga ni sai yarana biyu ƙanana sai Baba, domin 'ya'yansa mata duk suna aure nesa.

Kullum da asuba in tatsi saniya, nonon da bai fi rabin ƙwarya ba, in dama wa yara ɗan kunu, in tura wa Baba nasa. Sai in goya ƙaramin in shiga bakin gonaki tsinkar tafasa da rama. A dafa, a matse, a barbaɗa ƙuli-ƙuli in an samu, in ba a samu ba gishiri da barkono sun isa. Tuwo kuwa sai da yamma, shi ma ɗan malmala wanda in ka yi masa loma uku ka ga gindin kwano. Na ci tafasa a shekarar nan har na ji kamar ganye zai tsiro mini a kunne. Amma muna dariya, wallahi, domin kowa haka yake, ba wanda zai yi wa wani gori.

Da ruwan ya tashi zuwa kuma sai ya zo kamar da bakin ƙwarya. Kwana da kwanaki ana zuba. Kududdufin bayan gari ya cika ya tumbatsa, ya bi ta kan juji da bayan gidaje, ya gangara cikin rijiyar da duk muke sha. Ruwan ya koma ja. Muka riƙa tacewa da gefen zane muna sha, a ganinmu mun yi tsafta. Ba a yi mako ba aka ce mutum biyu sun kwanta a unguwar gabas, washegari aka ce an binne ɗaya.

Sai ga fararen motoci sun shigo suna ta fama da taɓo. Masu aikin agaji suka kafa manyan tantuna a filin makaranta, suka jera gadaje masu rami a tsakiya da bokiti a ƙasa, suka ajiye durom mai famfo a bakin ƙofa. Ba ka shiga ba ka fita sai ka wanke hannu da ruwan nan mai wari, an kuma fesa maka shi a ƙafa. Mai unguwa ya sa aka yi shela cewa duk wanda cikinsa ya ɓaci a kawo shi nan take, kar a tsaya jiƙe-jiƙe.

Ban taɓa ganin garinmu ya haɗa kai irin na lokacin ba. Mata suka kafa manyan tukwane a gefen filin, kowace ta kawo abin da ta samu, mai tafin gari, mai ɗan wake, mai kuka, ana dafa wa masu jinya. Maza suka rabu biyu, wasu suna ɗaukar marasa lafiya da haƙa ramin zubar da ƙazanta, wasu suna gayya a gonakin waɗanda suka kwanta, domin lokacin maimai ne, ciyawa kuwa ba ta san ana annoba ba. An hana shan fura da ludayi ɗaya, don haka kowane ɗan gayya ya rataya moɗarsa a wuya, suna tafe suna ƙwaram-ƙwaram, suna yi wa juna tsiya.

Ran nan da safe ina surfe sai na ga Baba ya ɗauki buta ya shige cikin gero. Ya dawo. Ban gama bakace ba ya sake ɗauka. Kafin hantsi na ƙirga biyar, na biyar ɗin kuwa da dafa bango ya dawo. Na leƙa ta ramin danga na ga idanunsa sun faɗa ciki.

Na ce wa bango, "Ko mutanen zaure ba su jin daɗi ne?"

Ya amsa da murya kamar ba tasa ba. "A gaya wa mutanen gida lafiya lau. Butar ce take yoyo."

Butar ce take yoyo! Na yar da taɓarya, na miƙa wa maƙwabciyata yaran, na ruga gidan Malam Idi mai amalanke. Shi da ƙanensa suka ɗauko Baba cak, yana ta cewa su sauke shi, shi ɗan sassaƙe kawai zai jiƙa. Na bi su a baya cikin yayyafi, ba takalmi.

Wadda ta karɓe mu a tanti Sista Rabi ce, 'yar birni, gajeriya, da takalman roba da suka kusa kai mata cinya da murya mai kai wa ƙarshen fili. Nan da nan ta sa masa ƙarin ruwa. Leda ɗaya ta shige, Baba ya buɗe ido, na ce alhamdu lillahi. Sai ta juyo gare ni.

"Ke ce 'yarsa?"

Na sunkuyar da kai. "Matar ɗansa ce."

"To, duk ɗaya ne. Ji nan. Ledojin da suka rage kaɗan ne, motar da za ta kawo wasu ta maƙale tun daga Gwarzo, ruwa ya cinye hanya. Sauran na yara ne da waɗanda ba sa iya haɗiya. Shi yana iyawa. Ga ruwan gishiri da sukari, ga kofi. Kaɗan-kaɗan, ba tsayawa. Abin da ya fita daga jikinsa sai an mayar. Zancen bokiti ba ruwanki, akwai maza masu yi. Ke dai kofin nan ne aikinki. Kin gane?"

Na gane. Amma duk ɗayan nan da ta ce, a raina na ce baiwar Allah, ba ki san inda kika zo ba.

Na durƙusa a gefen gadon, na kau da kai, na miƙa kofi. Baba ya juya fuskarsa ga bangon tanti ya rufe ido. Na daɗe a haka har hannuna ya sage. Sista ta zagayo ta ga kofi a cike.

"Baba, sha mana."

Ya ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi."

"Ka ƙoshi da me? Ko tsoro kake ji an sa wani abu? Duba nan." Ta kurɓa a gabansa. "Ka gani? Gishiri ne da sukari, ba komai."

Ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Amma bai sha ba.

Ta lallashe shi, ta yi masa faɗa, ta ce masa ko jarirai sun fi shi jin magana. Daga nan ta juyo kaina. "Ke kuma kin wani kau da kai kamar baƙuwa. Matso kusa! Ki tsare shi da ido, kar ki motsa daga nan sai ya sha." Ta wuce wajen wasu, domin gadaje sun cika kuma su ba su da yawa.

Ita a ganinta ta gyara, ba ta san ta ƙara ɗaure bakin ba ne. Ni na san dalili, shi ya san na sani, kuma ba mai iya faɗa a gaban wani. Aka yi azahar muna haka. Ruwa yana dukan tanti, jikinsa yana ta zuba, leɓɓansa suka bushe suka tsattsage. Ina jin numfashinsa yana sauri.

Da na ga Sista ta ba da baya sai na ajiye kofin kusa da hannunsa na sulale waje, na tsaya a jikin durom kamar mai wanke hannu. Na ba shi lokaci, sannan na dawo. Na tarar da kofin a ƙasa, gaban rigarsa sharkaf. Ashe ina fita ya kai hannu, amma yatsunsa sun ƙandare, ba su iya riƙewa ba. Yana jin takuna ya sake juya fuska.

Nan ne raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa ji ba. Na ji haushinsa, na ji haushin kaina, na ji haushin duk wanda ya fara ƙirƙiro wannan kunyar. Mutumin nan ƙishi yake ji kamar ya mutu, ga ruwa a gabansa, kuma ni ce katangar. In na tsaya ba zai sha ba, in na tafi ba zai iya ba. Na tuna mijina can a daji bai san abin da ake ciki ba. In ya dawo in ce masa me? In ce ubanka ya mutu ina riƙe da kofi?

Sista ta dawo wajen la'asar. Ta tsunkuli fatar hannunsa ta saki, fatar ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Wannan karon ba ta yi faɗa ba. A hankali ta ce, "In bai sha ba kafin magariba, ban san abin da zan ce miki ba."

Ban san lokacin da na cafki hannun rigarta ba. Na ja ta har waje cikin ruwa, ni da ko ɗaga murya ban iya ba.

"Sista, ba maganin yake ƙi ba. Ni ce."

"Ke ce me? Faɗa kuka yi?"

"Surukina ne. Ba ya sha a gabana."

Ta tsaya tana kallona, ruwa yana bin fuskarta. "Ban gane ba. Yau ne ba ya sha a gabanki?"

"Tun da aka kawo ni gidan."

"Wato mutuwa zai yi don kar ki ga maƙogwaronsa yana motsi?"

Na ce, "Eh."

"Inna lillahi! To ke me ya hana ki faɗa tun ɗazu?"

"A gabansa?"

Ta riƙe ƙugu, ta dubi sama, ta dube ni. Na zaci zagina za ta yi. Sai ta fashe da dariya, dariyar da ta fi kama da kuka, ta ce, "Ni Rabi, na yi karatu na yi karatu, ba wanda ya koya mini wannan. Zo mu je."

Ta fizgo wata tabarma daga wajen masu dafa abinci, ta sa aka fesa mata magani, ta samo igiya ta ɗaure daga sandar tanti zuwa ƙusar da ake rataya ledar ruwa. Tabarma ta sauko tsakanina da gadon. Ta ce da ƙarfi yadda zai ji, "To, Baba, na kori yarinyar nan, ba kowa a nan." Ta ƙifta mini ido ta tafi.

Na zauna a bayan tabarma, na cika kofi, na zura hannuna ta gefe har na ji na taɓa matashinsa. Na dubi sandar tanti na ce, "A gaya wa mutanen zaure ga ruwa."

Ba abin da nake ji sai ruwan sama. Ina ta salati a zuci. Can sai na ji gemu ya gogi yatsuna, kofin ya ɗan karkata. Sai na ji ƙwat. Na ƙara karkatawa kaɗan. Ƙwat, ƙwat. Ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba, har yau kuwa. Hawaye suka zubo mini, na cije gefen mayafi don kar ya ji. Kofi ya yi sauƙi a hannuna, na janye.

Sai ga 'yar murya daga bayan tabarma. "A gaya wa mutanen gida a ƙaro."

Kwana uku muka yi a haka, ni da shi da sandar tanti. Ya sha, ya amayar, in jira kaɗan in sake miƙawa. A rana ta biyu ya samu ƙarfin ƙorafi, ya ce a gaya wa mutanen gida gishirin ya yi yawa. Na ce a gaya wa mutanen zaure ba mutanen gida ne suka haɗa ba. Sista kuwa kullum ta shigo sai ta fara gaishe da sandar, ta ce, "Ina kwana, mai kai saƙo, ya aiki?" Har masu kwance suna dariya.

Ba ta tsaya a kanmu ba. Ta bi gado-gado tana tambayar masu jinya, ke wace ce a wajensa, kai wane ne a wajenta. Ta samu wata tsohuwa da ɗanta na fari yake jinyarta, ita ma tun safe take cewa ta ƙoshi. Ta samu wani da mijin 'yarsa. Kafin wani lokaci tantin ya cika da tabarmi da zannuwa a rataye kamar ranar wanki. Da wani babban likita ya zo zagaye ya tambayi mene ne wannan, sai ta ce masa maganin gargajiya ne, kuma yana aiki.

A rana ta huɗu gari ya washe. 'Yan gayya suka tafi da igiyoyi da shanun huɗa suka jawo motar nan daga taɓo, suka rako ta har fili suna ihu, duk sun yi dumu-dumu da laka. Ba kowa ne ya koma gida da ƙafarsa ba, matar Malam Idi ma a can ta cika, Allah ya jiƙanta. Amma waɗanda suka tashi sun fi yawa nesa ba kusa ba. Ranar da aka sallame mu na tarar an yi wa gonarmu maimai tas, ba ko ƙwayar ciyawa, kuma har yau ban san duk waɗanda suka yi ba. Da saƙo ya same shi, mijina ya iso bayan kwana biyu, a firgice, ya tarar da ubansa zaune a zaure yana faɗan an bar maraƙi a rana.

Muka koma yadda muke. Ina tura kwano ta bakin ƙofa, yana yi wa bango magana. Na ɗauka shi ke nan.

Sai da gero ya nuna, ranar da aka fara gasa tumu, gida duk ya ɗauki ƙamshi, yara suna ta murza suna watsawa a baki. Ina tsugune a bakin murhu sai na ji an ce, "Dije."

Na waiga ina neman mai kira, domin muryar na sani, amma ban taɓa jin sunana a cikinta ba. Baba ne, a tsakar gida, zaune a kan turmi, inda ban taɓa ganin ya zauna ba.

"Dije, kawo mini ruwa."

Na ɗebo tafasasshe a moɗa, na durƙusa na ajiye, na yunƙura zan gudu.

Ya ce, "Tsaya. Ai kin riga kin ji, saura ki gani."

Ya ɗaga moɗar ya kafa kai, a hankali, ba gaggawa, ruwa yana bin gemunsa. Na tsaya ina kallo, kunya kamar in nutse, daɗi kuma kamar in yi guɗa. Ya sauke, ya yi hamdala. Sai ya miƙo mini moɗar da sauran ruwa a ciki.

"Ke ma sha, 'yata."

Na karɓa da hannu biyu. Na dubi ruwan, na dubi ƙasa, na ga dai ba zan iya ba. Sai na juya masa baya na shanye tas, ina jin sa a bayana yana ta dariya har da tari.